ASAWASE: TARIHIN MAZAƁAR 'YAN ZANGO A TSAKIYAR BIRNIN KUMASI

Mai karatu, yau ina so mu ɗan ajiye littattafan labari gefe guda, mu leƙa ƙasar Ghana, mu shiga birnin Kumasi, mu tsaya a wata mazaɓar ɗan majalisa da ake kira Asawase. Dalilina shi ne, duk Bahaushen da ya karanta tarihin wannan yanki zai ga kamar tarihin gidansu yake karantawa. Akwai fatake a ciki, akwai malamai, akwai sarauta, akwai kora, akwai kuma tsohuwar tambayar nan da ke bin duk wanda kakansa ya bar gida ya zauna a ƙasar wasu: shin kai ɗan ƙasa ne ko baƙo?

Ga abin da ya fara jan hankalina. Jihar Ashanti, wadda Kumasi ce hedikwatarta, ita ce cibiyar jam'iyyar NPP mai alamar giwa. Kujeru 47 jihar ke da su a majalisar dokokin Ghana, kuma mafi yawansu na giwa ne tun da daɗewa. Amma a cikin Kumasin kanta, daf da fadar Manhyia inda Sarkin Ashanti yake zaune, akwai mazaɓa guda da jam'iyyar NDC mai alamar lema take ci a kowane zaɓen majalisa tun da aka ƙirƙire ta a 2004. Wannan ita ce Asawase. Ruwa ba ya tsami banza, in ji masu magana. Don haka bari mu koma baya mu ga mafarin abin.

GORO NE YA KAI MU

Tun kafin Bature ya san hanyar Kumasi, Musulmi na zaune a cikinta. Turawan Ingila biyu da suka ziyarci birnin, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun rubuta cewa sun tarar da malamai Musulmi a kusa da Sarki Osei Bonsu, suna rubuta masa wasiƙu da Larabci, suna yi masa addu'a da layu. Ashantawa, waɗanda kakanninmu ke kira Tonawa, suna kiran Musulmi da sunan Kramo. Sai dai akasarin waɗancan malamai daga ƙasashen Gwanja da Dagomba da Wangara suka fito. Su kuwa fataken Hausa, a mafi yawan ƙarni na 19 iyakarsu kasuwar Salaga, domin sarakunan Ashanti ba su cika barin baƙin 'yan kasuwa su gangaro cikin kurmi inda goro yake ba. A Salaga ake haɗuwa: Bahaushe ya kawo kanwa da fata da tufafin Kano da dabbobi, ya ɗauki goro a kan jakuna, ya kama hanyar wata da watanni zuwa Sakkwato ko Kano. Dole kuma a faɗi gaskiya, har da bayi ake sayarwa a wannan kasuwa.

Abubuwa uku suka rushe wannan tsari. Na farko, a 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Wolseley suka shiga Kumasi suka ƙone ta, ikon Ashanti a kan arewa ya yi rauni. Na biyu, a 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga, fatake da malamai suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Atebubu da Kintampo. Cikin waɗanda suka tashi har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934. Na uku, a 1896 Turawa suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya suka fitar da shi daga ƙasarsa, sannan bayan yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 suka mamaye Ashanti baki ɗaya. Daga nan ƙofa ta buɗe. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, kuma cikin waɗanda suka ci moriyar wannan sabuwar hanya har da Alhassan Ɗantata.

Akwai wani abu da ba a cika son faɗa ba, amma yana da muhimmanci. Cikin sojojin da Turawa suka yi amfani da su wajen yaƙar Ashanti akwai rundunar da ake kira ta Hausawa, duk da cewa ba dukansu ne Hausawa ba. Wasunsu da suka ajiye kaki sun zauna a Kumasi. Saboda haka tun ranar farko, a idon wasu 'yan gari, mazaunin zango mutum ne da ya shigo a bayan Bature. Wannan kallo ya daɗe bai gushe ba.

YADDA ZANGO YA ZAMA GARI

Kalmar zango tamu ce, wurin da ayari ke sauka ya kwana kafin ya wuce. A Kumasi ayarin ya sauka bai tashi ba. Da noman koko ya bunƙasa, sai ga Mosawa daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, ga Zabarmawa daga Nijar, ga mutanen Gawo daga Mali, ga Yarbawa, ga Fulani, ga Kotokoli daga Togo, ga kuma 'yan arewacin Ghana kanta: Dagomba da Frafra da Gurunsi da Busanga da sauransu. Kowace ƙabila da sarkinta, a samansu kuma akwai Sarkin Zango, sarautar da ta daɗe a hannun Hausawa. Harshen da ya haɗa su duka shi ne Hausa. Wata baturiyar Amurka mai nazarin al'umma, Enid Schildkrout, ta rubuta littafi a 1978 kan zangon Kumasi, inda ta nuna yadda jikokin Mosawa suka tashi da Hausa a bakinsu da Musulunci a zuciyarsu, har zama ɗan zango ya zame masu wata ƙabila ta daban.

A 1924 annoba ta faɗa wa Kumasi, hukumar Turawa ta rushe wani ɓangare na tsohon zango ta gina sabo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka gina rukunin gidaje a Asawase, unguwar da mazaɓar ta ci sunanta. Jama'a suka ci gaba da yaɗuwa zuwa Aboabo da Akwatia Line da Adukrom da Sawaba, har zuwa Asokore Mampong. Ka dubi sunan Sawaba kawai, ka san su wa suka raɗa shi.

Wanda ya shiga waɗannan unguwanni zai ji Hausa ta ko'ina, amma irin tasu, wadda ta sha ruwan Turanci da harshen Twi, kuma ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace a nahawu ba. Zai ga koko da ƙosai da safe, zai ga tuwon zafi da fura. Abincin nan na shinkafa da wake da duk Ghana ke ci yanzu, wanda suke rubutawa waakye, daga zango ya fito, sunansa ma daga kalmar wake aka samo shi. Zai ga makarantun allo da na Islamiyya, da mahauta, da 'yan gwangwan, da direbobin manyan motoci masu zuwa Wagadugu da Yamai. Babban masallacin Kumasi a wannan yanki yake. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta King Faisal, wadda Alhaji Karim Grusah ya kafa, 'yar zango ce.

Amma fa ƙasar da aka gina duk wannan a kanta ta sarakunan Ashanti ce. Sarkin Zango yana mulkin mutane, ba ya mulkin ƙasa, kuma yana kai gaisuwa Manhyia. A cikin mazaɓar ma akwai Ashantawa da yawa, Kiristoci, musamman a tsofaffin garuruwa irin su Asokore Mampong. Duk mai neman kujerar Asawase sai ya iya magana da ɓangarorin biyu.

JAM'IYYAR MUSULMI DA KORAR 1957

Yanzu mun zo inda tarihin ya ɗaure kai. Mutum zai zaci cewa tun asali 'yan zango abokan hamayyar 'yan siyasar Ashanti ne. Ba haka abin yake ba. A farkon shekarun 1950, Musulmin Accra da Kumasi suka mayar da ƙungiyarsu jam'iyyar siyasa mai suna MAP, wato jam'iyyar ƙungiyar Musulmi. Ta ci kujera ɗaya a zaɓen 1954, ta kuma ci ɗaya a na 1956. A watan Satumba na 1954 aka kafa jam'iyyar NLM a Kumasi ƙarƙashin Baffour Osei Akoto, babban kakakin Sarkin Ashanti, tana neman a ƙara kuɗin koko kuma a yi mulkin tarayya maimakon tara iko a hannun Kwame Nkrumah. Manyan zangon Kumasi, ƙarƙashin Alhaji Amadu Baba, suka jingina da NLM. Wato jam'iyyar farko ta 'yan zango ƙawar kakannin NPP ce.

Sun biya farashin wannan ƙawance da tsada. Ghana ta sami 'yanci a watan Maris na 1957. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar, a kan cewa zamansu barazana ce ga zaman lafiya kuma su 'yan Nijeriya ne. Mutanen biyu suka garzaya kotu suka ce a Ghana aka haife su. Shari'a na gudana, sai majalisa ta zauna ta yi wata doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, wadda ta ba da ikon fitar da su ba tare da jiran hukuncin alƙali ba. Aka sa su a jirgi zuwa Nijeriya. Daga baya aka ɗora mai goyon bayan jam'iyyar CPP a kan sarautar zango. A ƙarshen shekarar kuma aka kafa dokar da ta haramta jam'iyyun addini da na ƙabila da na yanki. MAP ta narke cikin haɗakar 'yan adawa ta UP.

Darasin da zango ya koya a 1957 shi ne, takardar zama ɗan ƙasa tana iya zama makami a hannun mai mulki. Wanda ya goyi bayan gwamnati ɗan ƙasa ne, wanda ya saɓa mata sai a tuna masa garin kakansa.

SATI BIYU NA 1969

Idan Nkrumah ya kori mutum biyu, to abin da ya biyo baya ya shafe wancan. An kifar da Nkrumah a 1966. A 1969 Dokta Kofi Abrefa Busia, tsohon jagoran UP, wato tsohon abokin tafiyar MAP, ya zama Firayim Minista. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatinsa ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. To, wane mahauci ne ko ɗan goro da aka haifa a Aboabo yake da takardar izinin zama a garin da aka binne cibiyarsa? A wancan zamani ko takardar haihuwa ba kowa ke da ita ba.

Mutane sama da dubu ɗari suka tashi, mafi yawansu 'yan asalin Nijeriya, musamman Yarbawa, sai 'yan Nijar da Togo da Burkina. An sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. An raba miji da mata, an raba uwa da ɗa. Wasu sun isa garuruwan da ba su taɓa gani ba, ba su san kowa ba sai sunan unguwar kakansu. Mu ma a nan gida kada mu yi saurin nuna yatsa, domin a 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan kora, inda 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka bar Nijeriya, har jakar nan ta leda ta samo sunanta daga wannan lamari.

A ganina, duk wanda bai fahimci 1969 ba, ba zai fahimci ƙuri'ar Asawase ba. Jam'iyyar NPP da kanta take alfahari da cewa ita magajiyar Danquah da Busia ce. Shi ke nan, a kowane kakar zaɓe sai abokan hamayyarta su tuna wa zango wancan sati biyu. Tsohuwar da ta ga an loda maƙwabtanta a bayan babbar mota ba ta buƙatar a karanta mata manufofin jam'iyya. Jikokinta ma sun ji labarin tun suna goye.

Da Jerry Rawlings ya karɓi mulki a ƙarshen 1981, ya kuma kafa NDC a 1992, sai talakawan zango da 'yan arewa suka ga sun sami wurin fakewa. Ba ɗan Ashanti ba ne, ba ya cikin zuriyar siyasar Busia, kuma ya ja 'yan arewa da Musulmi a jiki. Nan lema ta kafu.

HAIHUWAR MAZAƁAR

Daga 1992 zuwa 2004 kujerun majalisar Ghana 200 ne, kuma unguwannin da muke magana a kansu suna cikin mazaɓar Asokwa ta Gabas. A 2004 hukumar zaɓe ta ƙara kujeru zuwa 230, aka yanko Asawase ta tsaya da ƙafarta. A zaɓen Disamba na shekarar, lokacin da John Kufuor, ɗan Kumasi, yake neman wa'adi na biyu, giwa ta share kusan dukkan kujeru 39 na jihar Ashanti. Asawase ta ƙi. Dokta Gibril Adamu Mohammed na NDC ne ya ci. Allah bai ba shi tsawon kwana a kujerar ba, ya rasu a farkon 2005. A zaɓen cike gurbi na watan Afrilu 2005, wani matashi mai suna Mohammed Mubarak Muntaka ya gaje shi, ya kuma sake cin kujerar a 2008 da 2012 da 2016 da 2020 da 2024.

Tafiyarsa ba ta rasa tuntuɓe ba. A Ghana tsarin mulki ya ce a ɗauko mafi yawan ministoci daga cikin 'yan majalisa, saɓanin yadda muke yi a Nijeriya. Shugaba Atta Mills ya naɗa shi Ministan Matasa da Wasanni a 2009, amma cikin 'yan watanni ya sauka bayan zarge-zargen kashe kuɗin ma'aikata ba bisa ƙa'ida ba. Mutane da yawa sun ɗauka siyasarsa ta ƙare. Mazaɓarsa ta mayar da shi, ya zama babban mai tsawatarwa na jam'iyyarsa a majalisa daga 2013 har zuwa Janairun 2023. Waɗanda suka kalli zaɓen kakakin majalisa na daren 7 ga Janairu 2021, lokacin da kowace jam'iyya ke da kujeru 137, za su tuna yadda wani ɗan majalisar NPP ya wawuri takardun ƙuri'a ya ruga, Muntaka ya bi shi da gudu, a daren da har sojoji suka shiga zauren majalisa.

Ita ma NPP ba ta naɗe hannu ba. A 2012 aka ba yankin ƙaramar hukumarsa ta Asokore Mampong, kuma da yake shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban ƙaramar hukuma a Ghana, daga 2017 sai aka wayi gari ɗan majalisa na lema, shugaban hukuma na giwa. Jam'iyyar ta tsayar da ɗan zango, Alidu Seidu, a 2016 da 2020. Shugaba Akufo-Addo ya kafa ma'aikata ta musamman don raya zango a 2017 tare da asusun raya zango, ko da yake an rushe ma'aikatar a 2021. Mataimakinsa, Dokta Mahamudu Bawumia, Musulmi ɗan arewa, ya gyara babban masallacin Kumasi aka buɗe shi a 2023, sannan ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa na NPP a 2024. An yi masa godiya, an yi masa addu'a, ranar zaɓe kuma Asawase ta zauna a ƙarƙashin lemarta.

ABIN DA ƘURI'A BA TA GYARA BA

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani tare da ni. Shekara ashirin ana zaɓen jam'iyya ɗaya, me aka samu? Har yanzu idan damina ta sauka, rafin Aboabo da ya cika da shara yakan yi ambaliya cikin gidajen mutane. Cunkoso da ƙarancin makewayi da rashin aikin yi ga matasa suna nan. Manyan jam'iyyun biyu sun daɗe suna ɗaukar ƙartin zango aikin tsaron 'yan siyasa da razana abokan hamayya. A watan Fabrairu 2019 an yi harbi a ofishin NDC na jiha a Kumasi, rai ya salwanta, kuma a wannan shekarar majalisa ta yi dokar haramta irin waɗannan ƙungiyoyin 'yan banga.

Mafi ciwo shi ne abin da ya faru a watan Yuli 2018. 'Yan sanda suka harbe wasu mutum bakwai 'yan zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Matasan Asawase suka fito kan titi suka ce ƙarya ne, sun san mutanen nan. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar da ta nuna 'yan fashi ba ne. An dakatar da 'yan sanda 21, an kuma biya iyalan mamatan diyya. Kuɗi ba ya dawo da rai, amma wannan karon an saurari zango, kuma samun wakili mai murya a majalisa ya taimaka.

Tsohuwar tambayar 1957 ma ba ta mutu ba. Duk lokacin da za a sabunta rajistar masu zaɓe ko a ba da katin ɗan ƙasa, sai ka ji an tare mai suna Garba ko Hamidu ana tambayarsa ainihin garinsu. A 2020 kotun ƙolin Ghana ta yanke cewa takardar haihuwa ba ta isa hujjar zama ɗan ƙasa ba wajen rajistar zaɓe. Ga mutumin da kakansa ya zo da jaki daga Katsina shekara ɗari da suka wuce, wannan magana tana da nauyi.

Ra'ayina shi ne, mazaɓar da kowa ya san inda za ta jefa ƙuri'arta tana cikin haɗari iri biyu. Jam'iyyar da take so za ta iya yin sakaci da ita don ta san ba za ta gudu ba. Wadda ba ta so kuma za ta iya cewa asarar kuɗi ce a yi mata aiki. Matasan da aka haifa bayan 1992 sun fara tambayar abin da tsoron 1969 ya saya masu, kuma suna da gaskiyar tambaya. Su ma dattawan da suka ƙi mantawa suna da tasu gaskiyar, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Bari in rufe da wani abu da ya faru a farkon 2025. Bayan John Mahama ya dawo mulki, ya naɗa ɗan majalisar Asawase Ministan Cikin Gida. Wannan ita ce ma'aikatar da 'yan sanda da hukumar shige da fice suke ƙarƙashinta, ita ce kuma mai kula da takardun korar baƙi irin waɗanda aka miƙa wa Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan. Daga 1957 zuwa 2025 shekara 68 ke nan. Ko wannan naɗi zai sa a daina tambayar ɗan Aboabo garinsu a bakin ofishin katin ɗan ƙasa, mutanen zango ne za su ba da amsa, kuma za su bayar da ita a akwatin zaɓe.

Ina fata 'yan'uwanmu na Kumasi da suka san waɗannan unguwanni ciki da bai za su ƙara mana da abin da suka ji daga bakin iyayensu, musamman labarin 1969, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasashenmu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.